Za mu kai yara da tsoho Muze na Yamai, ta ina za mu fara?

'Yar Maraɗi

Assalamu alaikum jama'a, ina kwananku. Dan Allah shawara nike nema wurin waɗanda sunka san Yamai. In Allah ya kai mu bakansin ƙarshen Disamba za mu taho biki, ƙanwar maigidana za a aurar, to tunda za mu sha wagga doguwar hanya sama da kilomita 600, Konni, Dogon Dutsi, Doso, ni ban son yara su koma Maraɗi ba abin da sunka gani sai shinkafar biki da gadar Kennedy ta tagar taksi. Babban nawa shekara 11, shina CM2, ajin ƙarshe na firamare, tun randa mushensu ya ce musu akwai ƙasusuwan dinozor a Muze, wato gidan tarihi na ƙasa, bai bar mu munka huta ba, ta tsakiya shekara 7, sai auta 4 wanda ko akuya ta yi atishawa sai ya ɗare bayana.

Mu manya kuma huɗu ne, ni da maigidan da ƙanwata sai Baba, wato surukina, ya haura 70 kuma gwiwa na damunshi. Baba ya ce zai bi mu amma fa ya riga ya yanke hukunci tun daga gida, wai dinozor ƙaryar Nasara ce ta fim, siminti ne sunka kwaɓa don su ci kuɗin mutane, in ma ƙashin gaske ne to dabbobin Samudawa ne. Kun san ni suruka ba ni da bakin musu da shi, maigidan kuwa in Baba ya yi magana sai dai ka ji haka ne Baba. Tsorona kar tsoho ya kashe ma yaro gwiwa a gaban ƙasusuwan, ko kuma mu yi ta bin yara rana ta dafa tsoho. Awa nawa za mu ware? Ta ina ake farawa? Auta zai iya? Kuma in babban ya juyo ya ce min Mama da gaske siminti ne, mi zan ce mishi?

Maman Tagwaye

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya kawo ku lafiya, Allah ya sanya alheri a bikin. Ni nan Yamai nake kuma duk baƙin da suka sauka gidanmu can nake kwasarsu, har maigidana yana min tsiya wai a ba ni aikin gid, mai zagayawa da baƙi, kawai.

Abu na farko ki cire a ranki cewa ɗaki guda ne. Wurin hekta 24 ne, ɗakunan kallon su kansu ƙanana ne kowane minti goma sha biyar ya ishe shi, tafiyar da ke tsakaninsu ce ke cin ƙafa. Akwai ɗakin tufafin gargajiya, na kayan kiɗa, na uraniyom, wurin ƙasusuwan, itacen Tenere wanda a da yake tsaye shi kaɗai a tsakiyar hamada, ga bukkoki da tantuna irin na ƙabilun ƙasar, ga masu sana'ar hannu, sannan ga dabbobi masu rai, zaki da kura da dorina da kada da birai. Wanda ya ce zai ga duka a zuwa ɗaya da tsoho da ɗan shekara 4, to da kuka za a dawo, ban dai san ko na wa ba.

Ku yi sammako, wannan kam ba shawara ba ce doka ce. Disamba da sauƙi akwai iskar hunturu, amma duk da haka rana in ta take tsaka ba ta da mutunci. Ni na taɓa yin wautar kai baƙi cikin watan Afrilu bayan azahar, ko ƙasusuwan ba mu kai ba gwaggona ta zauna gindin wata bishiya ta ce in an gama a zo a ɗauke ta. Ki sa wani a gidan bikin ya leƙa bakin ƙofa tun jajibiri ya tambayo lokacin buɗewa da na hutun rana, ba nisa, kusa da otel Gaweye ne, kowane ɗan taksi ka ce mishi Muze ya sani.

Kuma dan Allah kar ku fara da dabbobi masu rai. Yaro in ya ga biri yana ɓare gujiya shi ke nan ba ki ƙara samun kanshi, ƙashin da ba ya motsi ba zai ƙara burge shi ba. Ku fara da ƙasusuwan tun idonsu na da yunwa, ku bi ta itacen, sai ki ajiye zaki da dorina a matsayin cin hanci, wanda bai yi rigima ba shi za a kai. Ki riƙo ruwa buteli biyu manya, dabino ko biskit, da 'yar darduma saboda Baba, duk inda aka samu inuwa ya zauna. Kuɗin shiga ba wani abu ba ne, inda aljihu ke jin jiki wurin maƙeran azurfa da dukawa ne, in ƙanwarki irin tawa ce ki riƙe mata jaka kafin ku iso wurin.

Auta kuma ba na jin ƙashi zai ba shi tsoro, nawa da suna kamar shi haƙoran suka yi ta ƙirgawa. Gurnanin zaki ne ke firgita su, ki ɗauke shi a kafaɗa tun kafin ku matsa.

Mushen SVT, Damagaram

Hajiya sannu da ƙoƙari, ni tambayarki ta ƙarshe ce ta tsayar da ni don ina shan irinta duk shekara a ajin SVT, wato kimiyyar halittu da ta ƙasa, kuma zan faɗa miki abin da zai ba ki mamaki, Baba bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Duk gidan kallo na duniya in kika ga ƙwarangwal a tsaye, ba lallai kowane gaɓa ya zama na asali ba. Dabbar da ta mutu miliyoyin shekaru ba a cika samunta cif ba, wani ƙashin ya ruɓe wani ruwa ya tafi da shi, sai masana su zuba kwafin abin da ya ɓace su cike gurbin, wani lokacin ma duk abin da aka kafa kwafi ne, na gasken yana ajiye don nauyi da saurin karyewa. Saboda haka kar ki ce wa yaro kakanka bai sani ba. Ki ce masa ya tambayi gid ɗin a gaban Baba, wanne ne na gaske wanne ne aka zuba, wannan tambayar ita ce kimiyyar ma. Shi na gasken ma ya riga ya zama dutse, laka ta binne shi, ruwan ƙasa ya yi ta ratsa shi yana barin ma'adinai cikin ramukansa har ya daskare, shi ya sa wanda ya gani zai iya rantsuwa siminti ne.

Kuma ba daga Turai aka kawo mana su ba, daga nan aka kwashe su aka kai can. Akwai wani wuri cikin Tenere kudu maso gabashin Agadas sunansa Gadufawa, masu neman uraniyom na Faransa ne suka yi ta tuntuɓe da ƙasusuwa a kan rairayi, sai aka turo wani saurayi masani Philippe Taquet wajen 1965 ya fara tona. Daga nan aka samu Ouranosaurus, mai cin ganye ne, tsawonsa wajen mita 7, yana da dogayen ƙasusuwa jere a gadon baya kamar an kafa masa shinge, an raɗa masa suna a 1976, wani ɗan uwansa ma yana birnin Venis na Italiya. Sai babban kadan nan Sarcosuchus wanda aka sa wa suna a 1966, kansa kaɗai ya haura mita ɗaya da rabi, wato in babban naki ya kwanta kusa da shi kan ya fi shi tsawo. Ba'amurken nan Paul Sereno da ya tono wasu daga baya ya ƙiyasta tsawonsa mita 11 zuwa 12, wasu masanan da suka sake lissafi suka ce wajen 9 da rabi, kin ga su ma suna musu a tsakaninsu ba Baba kaɗai ba. Shi wannan kadan ba dinozor ba ne, ki gyara wa yaron in ya haɗa su, zamani ɗaya dai suka yi, wajen shekara miliyan 110 da suka wuce, lokacin wurin koguna ne da dausayi. Akwai wasu da yawa da aka samu a ƙasar nan, Nigersaurus mai haƙora sama da 500 da baki mai faɗi kamar shebur, da Jobaria mai dogon wuya da aka tono wajen Ingal, sunansa ma daga wani dodo na tatsuniyar Abzinawa aka ɗauko shi.

Ga wasa biyu da nake yi wa ɗalibaina. Tun a gida ki sa su auna mita 11 da igiya a tsakar gida ko a titi, su kwanta a jere su ga yara nawa ke cika kada ɗaya. Na biyu kuma na shekarun ne, don miliyan 110 ba ya shiga kan yaro, ko na babba ma. Ki ce masa in zai ƙirga lamba ɗaya kowane sakan, ba barci ba cin tuwo, kafin ya kai dubu 10 bai cika awa 3 ba, amma kafin ya kai miliyan 110 sai ya yi shekara 3 da rabi. Na kawo dubu 10 ne saboda nan mutane ke rikicewa. Sahara ta sake yin kore wajen shekara dubu 10 zuwa dubu 5 da suka wuce, wannan karon da mutane, su ne suka sassaƙa raƙuman dawa a dutsen Dabus arewa da Agadas, su ne aka samu kaburburansu a Gobero bakin tsohon tafki da ƙugiyoyin kamun kifi. Amma tsakaninsu da dinozor akwai wannan tazarar ta awa 3 da shekara 3 da rabi, ba mutumin da ya taɓa ganin dinozor da rai.

In Baba ya ce wa ya ƙirga shekarun, amsar tana ɗakin uraniyom. Uraniyom yana rikiɗa a hankali ya koma darma, kuma an san saurinsa, rabinsa na ɗaukar wajen shekara biliyan 4 da rabi. Inda aka samu tokar dutse mai aman wuta cikin shimfiɗun ƙasa sai a auna nawa ya rage nawa ya rikiɗa, a san shekarun shimfiɗar, sannan a kwatanta ta da sauran wurare masu irin halittun da ke cikinta. Ba ƙashin ake tambaya ba, makwancinsa ake tambaya. Ku yi haƙuri na cika ku da surutu, ciwon malanta ne.

Tsohon Direba

Salamu alaikum. 'Yata ni sa'an surukin naki ne ko ƙaninsa kaɗan, jikana ke rubuta min wannan. Ku bar tsoho da ƙashi, ku kai shi wurin itacen. Na yi shekaru ina jan babbar mota Agadas zuwa Dirku da Bilma, ni ban tarar da itacen a tsaye ba, na ƙarfen da aka kafa a gurbinsa na sani, amma iyayen gidanmu da suka koya mana mota sun sha shayi a gindinsa. Kandili ne guda ɗaya tal, ƙaya irin dangin bagaruwa, ana cewa kilomita 400 ko ta ina ba wani. Ayarin gishiri masu ɗauko kantu daga Bilma da Fashi nan suke yada zango, kuma duk sanyin dare ba mai karya reshensa ya hura wuta, ba mai barin raƙumi ya ci ganyensa. Da aka gina rijiya kusa da shi a 1939 sai da aka wuce mita 30 aka tarar da saiwarsa ta kai ruwa. Sai a 1973 wani direba, abin kunyarmu mu direbobi, hamada duk faɗinta itace ɗaya ne a ciki shi ya samu ya banke. A shekarar aka ɗauko shi aka kai Yamai.

In kun je kar ku sa ran wani ƙaton abu, busasshen itace ne an kewaye shi, yaro zai ce wannan ne? Sai an ba shi labarin. To wa ya fi tsoho iya labari? Ki ba shi wannan aikin tun daga gida, ki ce Baba kai za ka yi wa yara bayanin ayari, mutum in an ba shi girma a wuri ba ya ɓata wurin. Ɗakin uraniyom ma ku leƙa, na ja kaya hanyar Tawa zuwa Arlit, can aka fara haƙar uraniyom a 1971, ramin Akuta na ƙarƙashin ƙasa aka rufe shi a 2021, dutse tan guda 'yan kilo ƙalilan ake tacewa a ciki. Yaranmu suna jin sunan abin a rediyo kullum ba su taɓa ganin kalarsa ba.

Sannan ke ba ki musu da suruki, gaskiya ne, amma jika fa? Tsakanin jika da kaka ai ba shamaki. Ki saki yaron kawai su ƙarata.

Bakano

Ni kuma ban yarda da Maman Tagwaye ba a kan ajiye dabbobi ƙarshe. Na sha raka 'yan firamare eskoshan gidan zu na nan Kano da Gidan Makama, in yaro ya san akwai zaki a gaba wallahi duk bayanin da kake yi masa ba ji yake ba, anti yaushe za mu wajen zaki, anti yaushe. Gara a kai su su ga kada mai rai tukuna, su ga ɗan tsawonsa, sannan a kai su gaban na dutsen, a nan ne za su riƙe baki. Ko ku rabu biyu, ƙanwarki ta ja ƙananan wajen birai, ke da oga da babban da Alhaji ku tsaya wajen ƙashi, a haɗu a inuwa. Amma gaskiya kun more, mu nan sai dai takubba da sulke da tukwanen Nok a Jos, sai kwalekwalen Dufuna na Yobe mai shekara dubu 8, dodanni kam Allah ya ba Nijar.

Mushen SVT, Damagaram

Malam Bakano ku ma kuna da naku, ku dai ba ku nema ba. Akwai wata dabbar teku da ake kira Goronyosaurus, sunan Goronyo ta jihar Sakkwato ne a jikinta don a yankin aka tono ta, tun zamanin da wani hannun teku ya ratso ta Sahara ya rufe wajen Sakkwato da Tawa. Shawararka ta kada mai rai tukuna kuwa na karɓa, ban taɓa tunaninta ba.

'Yar Maraɗi

Jama'a mun dawo lafiya, an kai amarya, na ce ba zan yi butulci ba sai na zo na ba ku labari. Allah ya saka ma kowa da alheri, Baba Direba a gaida jika mai rubutu.

Mun yi sammako kamar yadda Maman Tagwaye ta ce, amma mun bi ta Bakano rabi, kada mai rai kaɗai munka leƙa da farko muka toshe kunne da maganar zaki. Igiyar Mushe kuwa tun a Maraɗi an yi ta, har yaran maƙwabta sunka shigo aka jera su a ƙasa, tsakar gidanmu bai isa ba sai da aka fita waje. Da munka iso gaban ƙaton kan nan babban nawa ya yi tsit, ni ban taɓa ganin bakinshi a rufe haka ba, can sai ya juya ya ce ma kakanshi to tsoho ga simintinka. Ni dai na sunkuyar da kai kamar ina gyara ma auta takalmi. Baba ya zagaya shi ya sake zagayawa da sandarshi, ya duƙa duk da gwiwar ya daɗe yana kallon haƙoran, ya ce wannan kam kada ne, wanda ya yi kiwo a bakin gulbi ba a gaya mishi kada, magini bai iya wannan ramukan na fatar kai. Sai ya karanto ayar nan ta Suratul Ankabut mai cewa ku yi tafiya a cikin ƙasa ku duba yadda Ya fara halitta. Amma shekarun fa bai saya ba, ya ce miliyan 110 wanda ya ƙirga ya zo ya rantse, maigidan ya fara haka ne Baba, yaron ya tare shi da lissafin sakan, sunka yi ta yi har wasu almajirai da ke wurin sunka taru suna dariya suna goyon bayan tsoho.

Wurin itacen ne abin ya juye. Ashe Baba yana saurayi ya yi fataucin gishiri da dabino, yana zuwa Agadas yana sarowa wurin masu ayari, mu duka ba wanda ya sani har ɗanshi. Munka shimfiɗa mishi darduma ya zauna ya yi ta zuba, yadda ake naɗe kantu cikin tabarmar kaba, yadda madugu ke bin taurari, ta tsakiyar tawa da ba ta kula ƙasusuwan ba ko kaɗan ita ce ta manne mishi tana tambaya raƙumi kwana nawa yake yi bai sha ruwa ba. Mun fi rabin awa a nan, ni da nike tsoron tsoho zai gaji sai ga shi mu muke roƙonshi ya tashi. Ɗakin uraniyom a gurguje munka bi shi don auta ya fara ƙorafi, kayan kiɗa da tufafi ko leƙawa ba mu yi ba. Zaki yana kwance ko kallonmu bai yi ba, auta har da ce mishi kyanwa, dorina ce da ta wage baki ta sa shi ihu ya jefar da biskit ɗinshi. Ƙanwata kuwa an gargaɗe ni ban ji ba, jika takwas ta bari wurin maƙera.

Duka duka awa 3 da 'yan mintoci. Mushe ga saƙo daga babban, wai shi kadan mi yake ci har ya kai haka, kuma shekara nawa yake yi a duniya, ya ce in tambaye ka don shi da kakanshi sun sa caca a kan kilishi.

Mushen SVT, Damagaram

Madalla Hajiya, barka da dawowa. Ki ce masa kifi ne babban abincinsa, kogunan wancan zamanin akwai kifayen da suka fi mutum tsawo, kuma da irin wannan bakin mai haƙora 132 ƙaramin dinozor da ya zo shan ruwa ma bai tsira ba. Shekaru kuma an ƙirga su ne a jikin ƙasusuwan sulken bayansa, suna da zobe zobe kamar na kututturen itace, lissafin ya nuna yana kai shekara 50 zuwa 60 kafin ya gama girma. Wato dai Baba ya girme shi. Wa ya ci kilishin?